Rantsuwa Hamsin a Kan Jinin Iro

Tun kuna ƙanana na san abin da ake faɗa muku a bakin rijiya da hanyar makaranta, wai babanku ya kashe yaro a Ƙofa ya sha da ƙyar. Kukan dawo gida kuna kuka, ni kuwa in ce ku share hawaye ku ci tuwo. Wasunku sun ɗauka ban damu ba ne, wasu sun ɗauka maganar gaskiya ce shi ya sa na yi gum. Ba ko ɗaya. Baki aka ɗaure mini, kuma wanda ya ɗaure shi ya riga mu gidan gaskiya, haka duk waɗanda aka yi shirun dominsu. Yanzu saura ni kaɗai, ga ido ya fara gajiya, ga rubutun nan nawa na yaƙi da jahilci da kuke yi wa dariya kuna cewa kaza ce ta yi tono. To ku daure ku bi tonon kazar, don in na tafi ba mai ba ku labarin nan.

Ni 'yar Ƙofa ce ta ƙasar Kusada, gidan gero da dawa, gidan da ba a san albashi ba. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, sai gida ya koma hannun wana, Yaya Sale. Mutum ne mai zuciya, in ya so ka har rigarsa zai tuɓe ya ba ka, in ya ƙi ka ko a hanya kuka haɗu sai ya sake hanya. Matarsa Indo, doguwa mai sanyin magana, ɗansu ɗaya tak a lokacin, Iro, yaro ɗan shekara uku da ba ya barin akuya ta kwanta a gidan. Sai kuma Inna, mahaifiyarmu. A bisa suna Yaya ke riƙe da gida, amma kowa ya san wa ke riƙe da Yaya. Inna ta haifi tara, ta binne bakwai, saboda haka duk abin da ya kusanci jikanta sai ta tashi tsaye, ko da sauro ne.

Aure ya kai ni Kankiya gidan babanku, wanda ni Malam nake ce masa, gari kuwa Mai Lamba. Ku da kuka taso ba ku san agana ba sai a fuskar tsofaffi, bari in gaya muku. Ciwo ne da in ya shiga unguwa ake daina gaisuwa da hannu, wanda ya tashi ya tashi da zanzana ko makanta, wanda bai tashi ba shi ke nan. A zamanin Turawa En'e, wato hukumar sarki, ta ɗauki mutane ta koya musu yin lamba, Malam yana cikinsu. Yana da kekensa, da ɗan akwatin kwano da yake naɗewa da jiƙaƙƙen tsumma don kada ruwan maganin ya yi zafi, da 'yar aska ƙarama da yake ƙonawa a harshen wuta kafin ya taɓa kowa. Sai ya goge damtsen yaro, ya ɗiga ruwan, ya ɗan karce fata yadda jini ba zai zuba ba. Bayan kwana biyu wurin ya kumbura ya yi ƙurji, yaro ya yi ɗan zazzaɓi, ya warke ya bar tabo. Tabon nan shi ne lamba, mai shi kuma agana ta haƙura da shi. Ni har yau abin yana ba ni mamaki, a ce ɗigon ruwa da bai cika cokali ba ya tare abin da ya gagari malamai da bokaye tun kaka da kakanni.

Sai dai mata ba su yarda ba, kuma kada ku ga laifinsu da yawa. Uwa ta kai ɗanta lafiya lau, a karce shi, ya kwana yana zafin jiki, sannan a ce mata alheri aka yi mata? Saboda haka suka samo dabara. Ana gama lamba, Mai Lamba na juya keya, sai a ja yaro bayan ɗaki a kashe lambar. Wata ta matsa lemon tsami, wata ta goga toka, wata ta kwaɓa ɗanyen kashin shanu da ƙasar turke ta lafta a wurin ta ɗaure da tsumma, wai ya zuƙe dafin Bature. Mai gari ya ga an cika umarni, uwa ta ga ta ceci ɗanta, kowa ya kwana da daɗi. Malam ya fi tsoron ta ƙarshen nan, don an koya musu cewa ƙazantar turke in ta shiga rauni tana kawo ciwon da ke sarƙe haƙora. Har muryarsa ta dushe wajen faɗa, amma wa ke jin yaro ɗan En'e a kan maganar raino?

Tsakanin Malam da Inna kuwa akwai kunya irin ta da, wadda ku yanzu kuka mayar wasa. Tun da aka ɗaura aurenmu bai taɓa kallon fuskarta ba, bai taɓa ambaton sunanta ba, bai taɓa cin abinci inda za ta gan shi ba. In ya je gaisuwa sai ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan asabari. In sun yi kiciɓis a hanya, shi ya faɗa gona ta dama, ita ta faɗa ta hagu. Na taɓa ganin ya jefar da keke ya shige cikin kara saboda ya hango ta tana dawowa daga biki, na yi dariya har cikina ya ƙulle.

A ranin shekarar da nake da cikin fari, aka ji agana ta ɓulla wajen Mawashi. Aka tura Malam ƙauyukan Kusada, ya isa Ƙofa ya kafa akwatinsa ƙarƙashin tsamiyar ƙofar mai gari. Mutane suka tsaya nesa suna kallo, kowa ya ɓoye 'ya'yansa a rumbu da bayan danga. Yaya Sale ne ya ga ana neman kunyata mijin ƙanwarsa a garinsu, ya shiga gida ya saɓo Iro a kafaɗa, ya dire shi gaban kowa.

"Fara da nawa," in ji shi. "Wanda duk ke ganin surukina zai cuci ɗana, shi zo shi gani."

Aka yi wa Iro, sauran suka biyo baya. Washegari Yaya ya tafi fataucin gyaɗa. Da mako ya zagayo Malam ya koma duba ko lambar ta kama, kamar yadda aikinsa ya tanada. Ranar ya dawo gida bai ci tuwo ba. Na tambaye shi mutanen gida, ya ce suna gaishe ni. Na ce Iro fa, ya ce a sa shi a addu'a, ya ɗauki buta ya fita. Ba a jima ba ɗan aike ya zo, cewa haƙoran yaro sun sarƙe, bayansa ya sandare, ko ruwa ba ya wucewa. Malam ya tafi da malamin ɗakin shan magani, suka yi iyakar yinsu. Kafin Yaya ya dawo daga fatauci an binne Iro.

Bayan sadakar bakwai Yaya ya zo Kankiya. Bai shigo ba, a ƙofar gida ya tsaya, ya ƙi tabarma, ya ƙi ruwa. Ina bayan ƙyaure ina jin su.

"Ni na ɗauko shi da hannuna na ba ka," in ji Yaya. "Gaban mutane na ba ka shi. Mi ka sa mashi?"

"Abin da na sa ma kowa, Yaya."

"To don mi na kowa ke yawo, nawa na ƙasa? An ce ka zurfafa aska, an ga jini na zuba. Na kai ƙara wajen alƙali. Kuma Rabi ta fito mu tahi, ƙanwata ba ta kwana gidan da ake bin jinin ɗana."

Na ce ba inda za ni. Malam ya shigo ya same ni ina kuka, ya ce in shirya kayana. Ya ce Inna tana bukatata fiye da yadda yake bukatata, maganar da a lokacin ta ƙona mini rai, don na ɗauka korata yake yi da ladabi. Kafin in fita na tambaye shi abin da na ji ana raɗe-raɗi, cewa Baturen likita ya kira shi. Ya ce haka ne. Baturen ya tambaye shi ta bakin tafinta ko wani ya taɓa raunin bayan an yi lamba, ya ce in ya faɗa masa, shi zai yi magana a sama a cire shari'ar daga hannun alƙali, tunda ma'aikaci ne yana kan aikinsa.

"To mi ka ce mashi?"

"Na ce ina da amsa, amma ba ni faɗi. Na kuma roƙe shi shi bar shari'a inda take."

"Kai ko kana da hankali? Bature na miƙo maka hannu kana noƙewa?"

"Rabi, in Bature ya tsamo ni, kowa cewa zai yi ƙarfi aka gwada ma talaka. Yaya ya kai ni gaban shari'ar Musulunci, can za ni."

Na tafi Ƙofa ina jin haushinsa, ina jin haushin Yaya, ina jin haushin kaina da na zama igiyar da ake ja ta kai biyu. Gidanmu na tarar kamar an yi ruwa an ɗauke. Indo ba ta magana sai sallama. Inna ta rame, goronta ma ta daina ci, kullum tana bakin turken saniya a zaune tana jan carbi. Na ce baƙin cikin jika ne, ban kawo komai a raina ba.

Zaman shari'a ban je ba, amma mutanen garinmu da suka je sun maimaita shi har na haddace. Alƙalin Kankiya na lokacin tsoho ne mai farin gemu, ba ya ɗaga murya, sai an yi tsit ake jin sa. Ya fara da bayyana musu hukunci. Ya ce mai magani in ya yi aikinsa yadda masana suka san shi, aka samu ajali, ba komai a kansa. In kuwa ya wuce gona da iri, to kisan kuskure ne, diyya ta hau kansa da danginsa, kuma maganar sai ta dangana da Katsina. Yaya ya kawo maƙwabcinmu guda, ya ba da shaida cewa ya ga jini a damtsen Iro. Alƙali ya juya ga Malam.

"Kai Mai Lamba, ka zurfafa?"

"Allah shi gafarta Malam, ban zurfafa ba."

"Da ka koma dubawa, mi ka gani a hannun yaron?"

"Allah shi gafarta Malam, na ga abin da na gani. A yi mani afuwa."

Sau uku alƙali yana tambaya, amsar ba ta sake ba. Daga nan alƙali ya ce tunda shaida ɗaya ce, kuma yaro bai mutu nan take ba sai da ya yi jinya, shari'a ta ba magada rantsuwa. Ita ce malamai ke kira ƙasama. Magadan mamaci za su rantse sau hamsin cewa wannan rauni na wannan mutum shi ya kashe ɗansu, ba wani abu ba. Kuma a kisan kuskure ana raba rantsuwar yadda ake raba gado, har mace tana ɗaukar kasonta. Iro ba shi da wa ba shi da ƙane, saboda haka sulusi na uwa ne, saura na uba. In ta cika hamsin, jini ya tabbata a kan Malam.

Ranar Juma'a bayan an sallame salla, Yaya ya yi nasa kason rantsuwar a masallacin Kankiya. Ku yanzu rantsuwa ta zama gishirin magana, yaro zai ce wallahi a kan ƙwallo. A da mutum ya gwammace ya bar gonarsa da ya dafa Alƙur'ani, ko da yana da gaskiya. Aka ce masallaci ya cika har waje, ba mai tari. Yaya ya yi alwala, ya fuskanci gabas, yana faɗa muhuti yana ƙirgawa, muhuti shi ne mataimakin alƙali. Gumi ya jiƙa rigarsa, amma bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen kasonsa. Da zuciya ɗaya ya yi, wannan na shaide shi. Malam kuwa yana zaune a gefe kansa a ƙasa, ana zuba masa rantsuwa a ka ɗaya bayan ɗaya, bai ɗago ba.

Saura na Indo. Da yake matar aure ce, ga ta cikin makoki, alƙali ya turo muhuti Ƙofa ya karɓa a zauren gidanmu. Da hantsi suka iso. A zaure akwai muhuti da limamin garinmu da Yaya, sai Malam a can bakin ƙofa, don dole a yi a gabansa. Mu mata muna ta ciki, an rataya tabarma a ƙofar da ke shiga gida. Indo ta yi alwala ta zo ta durƙusa, ni ina riƙe da ita, Inna tana bayanmu a jingine da bango. Ta ƙarƙashin tabarma ina hango ƙafafun Malam, duk sun yi furu-furu, ashe da ƙafa ya zo don En'e ta karɓe keken. Na ce a raina yau kam an gama da mu, ɗan cikina zai fito duniya ɗan mai kisa.

Muhuti ya karanta mata lafazin, ya turo Alƙur'ani ta ƙasan tabarma a kan buzu. Ya ce ta dafa ta faɗa. Indo ta miƙa hannu, sai ta janye shi ta sa a cinya.

"Ban rantsewa," ta ce.

"Ke Indo!" in ji Yaya. "Ɗanki ne hwa. Jinin ɗanki za ki bari shi tahi a banza?"

"Ɗana ne, maigida. Ban rantsewa."

Muhuti ya tambaye ta dalili, da lallashi, ya ce ko tsoro ne a ba ta lokaci. Ta ce ba tsoro ba ne. Ya ce to mene ne. Sai hawayenta suka riƙa zuba a kan hannuna. Yaya ya miƙe tsaye, na ji yana cewa in ba ta rantse ba yau ta bar masa gida. Sai na ji an dafa kafaɗata ana matsar da ni gefe. Inna ce. Ta ɗaga tabarmar nan da hannunta ta shiga zaure, gaban maza, gaban surukinta da bai taɓa ganin fuskarta ba. Malam ya yi maza ya juya ya fuskanci bango.

"Sale, zauna," in ji ta. Ya zauna. "Ku bar yarinyar ga. Kunyata take ji, shi ma wancan kunyata yake ji, ni kau na zauna ina kallo za a ɗora ma bawan Allah jini. Ni na kashe lambar. Da hannuna na ɗebo kashin saniya da ƙasar turke na ɗaure mashi, Indo na hana ni, na ce mi ta sani, ɗiya nawa ta raina. Da wanga ya dawo dubawa shi ya kwance tsumman, ya wanke wurin, ya tambayi wa ya sa. Na amsa mashi daga ɗaki na ce ni ce, in yana da magana shi yi. Bai ce komi ba. Har yau bai ce komi ba."

Ina kallon ƙeyar mutumin da nake kwana ɗaki ɗaya da shi, wanda nake yi wa tsiya a kan ya cika sanyi, sai na ga ashe ban san shi ba. Ya zauna a masallaci an rantse a kansa, an ƙwace kekensa, an ɗauke matarsa, alhali kalma ɗaya ta ishe shi. Tsoronsa ya kama ni, irin tsoron da ake ji in an tsaya kusa da abin da ya fi ƙarfin mutum. Yaya kuwa ya kifa fuska a ƙasa yana salati, yana cewa ya rantse, ya rantse a ɗakin Allah, ina zai sa kansa. Liman ya ce masa wanda ya rantse a kan abin da ya gaskata, Allah ya san zuciyarsa, ya nemi gafara. Da Yaya ya ɗago sai ya ce gobe zai tsaya a ƙofar mai gari ya faɗa wa duniya cewa Mai Lamba ba shi da laifi.

"A'a, Yaya," in ji Malam, har yanzu fuskarsa na bango. "In ka wanke ni, sai an tambaye ka to wa ya yi. Tsohuwar da ta binne ɗiya bakwai, a ji kuma jikanta ya mutu ta hannunta, ka san sunan da za a sa mata a garin ga."

Kowa a zauren ya sani. Mayya za a ce. Kuma maita a wurin mutanenmu a nono ake sha, in an liƙa wa uwa an liƙa wa 'yarta, an liƙa wa abin da 'yar za ta haifa. Ba mai sayen furarki, ba mai barin ɗansa ya shigo gidanki, ba mai auren 'ya'yanki har jikoki.

"Ni namiji ne," in ji Malam. "In an ce na yi kuskure da aska, kaina kaɗai ya tsaya. Wancan sunan kau ba shi tsayawa. Inna alheri ta nufa, ni shaida ne. Ina roƙon wanda duk ke zauren ga, don Allah, maganar ta mutu nan."

Muhuti ya ce shi ɗan aike ne, ba zai ɓoye wa alƙali komai ba, amma zai kai har da roƙon. Abin da alƙali ya yi shi ma ya ba ni mamaki. Ya kira Yaya ya tambaye shi ko yana da ƙara a kan wani, Yaya ya ce ba shi da ita. Sai ya sanar a zaman shari'a cewa rantsuwa ba ta cika ba, mai ƙara ya janye, ba a bin Mai Lamba komai. Bai ƙara ko harafi ba, kuma bai yi ƙarya ba. Mutane suka watse suna cewa mace ce ta tsorata, Mai Lamba ya sha da ƙyar. Aikin ma bai dawo ba, don Baturen ya ce ba zai riƙe ma'aikacin da ke ɓoye masa abin da ya gani ba, kuma ta wajensa yana da hujja. Malam ya koma gonar ubansa. Wani lokaci nakan gan shi ya tsaya da fartanya yana bin sabon mai lamba da kallo in ya wuce a keke, don yana son aikin nan kamar ransa. Ni ma a hanyar komawa Kankiya ya sa na yi masa alkawarin yin shiru, na yi, na kuma sha yin da-na-sani, don ni ba waliyyiya ba ce, bakina na ƙaiƙayi.

Inna ta ƙara shekaru masu dama. Ba ta sake taɓa raunin yaro ba, kuma duk matar da ta ji za ta kashe lamba sai ta aika a kira ta, su shiga ɗaki, matar ta fito jiki a sanyaye. Me take gaya musu, ban sani ba. Indo ta haifi wasu 'ya'yan, taubasanku ke nan da kuka sani. A idon gari kuwa gidan Sale da gidan Mai Lamba zaman doya da manja suke, don Malam ya hana Yaya yawan zuwa, kada a yi tambaya.

Ranar da Inna ta cika muna Ƙofa. Aka yi mata wanka, aka fitar da ita ƙofar gida, mu mata muna ciki muna jin hayaniyar maza suna daidaita sahu. Malam yana can sahun baya inda ya saba tsayawa a garin nan. Liman ya matsa gaba zai ta da salla, sai muka ji muryar Yaya ya ce a dakata. Yaran da ke leƙe ta kan danga suka ce ga shi can yana ratsa sahu, ya kamo hannun Mai Lamba, yana jan sa yana turjewa, har ya kai shi gaban gawa. Liman da kansa ya ja da baya ya ba shi wuri. Guna-guni ya tashi, wani dattijo ya ce wannan wane irin abu ne, wanda ya kashe mata jika shi zai sallace ta?

"Wasiyyar Inna ce," in ji Yaya, da ƙarfi yadda har mu muka ji. "Ta ce duk garin ga ba wanda take so shi roƙa mata gafara sai shi. Ni bayanshi zan tsaya. Wanda bai iya binshi, shi koma gida."

Muka kasa kunne. Indo ta damƙe hannuna har ya yi zafi. Ba mu ji takun kowa ba. Can sai muryar babanku ta tashi da kabbara, mutanen Ƙofa gaba ɗaya suka amsa a bayansa.